Zuwa ga Bawana na Obiagu

Bawana Bazazzagi, labari ya iso Kano cewa tun da ka ji za a riƙa karatu da kwamfutar hannu a makarantun Inugu, ka hana mutanen Obiagu sakat. A bakin masallaci kai ne, wajen mai shayi kai ne, wai ɗanka ya kusa zama injiniya. Kai da har yau in saƙo ya shigo wayarka sai ka aika a kira yaro ya buɗe maka!

Gaskiya dai Gwamna Peter Mbah ya yi rawar gani: makarantun zamani 260, kowace mazaɓa ɗaya, aka fara da ta Owo, kuma kashi 33 cikin ɗari na kasafin 2024 ilimi aka ware wa. Wannan ko Bakano ya yaba, mu da ba ma yabon kaya sai mun taya.

Amma zauna in ba ka tarihi, tunda boko a garinku ya sauka ya tsallake gidanku. A 2007 an raba wa 'yan firamaren Galadima a Abuja korayen kwamfutoci, waɗanda ake yi wa kirari da dala ɗari. Ba a jima ba jaridu suka ɗauka cewa yaran sun leƙa shafukan da ba a faɗa gaban manya. A 2013 Gwamna Aregbesola ya fito da kwamfutar hannu ta Opon Imo a Osun, aka yi ta guɗa. Je ka tambayi inda suke yanzu. Raba na'ura ba wuya. Wuyar ita ce caji, da gyara in gilashi ya tsage, da malamin da ya fi ɗalibi sanin kanta.

Mu kuwa kowane yaro da allonsa tun zamanin kakanni, ba ya neman wuta, in ya cika a wanke a shanye. Gwada wanke na ɗanka mu gani.

Abin da ya fi damuna ma kai ne. Na san halin Zage-zagi. Ranar da yaron ya zo da kwamfutar gida, za ka karɓe "don ajiya", ka kwana kana kallon dambe, gobe ka tura shi makaranta da mataccen batiri da ƙullin okpa a aljihu.

Ka gaida uwargida, ka ce ta nemi kwaɗo ta kulle jakar yaron. Kuɗin sharata na bana kuma ban gani ba, kada ka ce mini matsalar intanet ce.