Yadda Za Ka Ci Ribar Taro, Ba Shinkafarsa Kaɗai Ba

Da zarar an liƙa sanarwa a allon sashenku cewa za a yi taron ɗalibai masu koyon aikin jarida, ko a ɗakin taro na Musa Abdullahi da ke Jami'ar Bayero, ko a wani otal a Abuja, tambayoyi uku ne za su fara yawo a ɗakunan kwana: Akwai kuɗin mota? Ana ba da satifiket? Abincin kowa zai zuba da kansa ne, ko a roba za a raba? Ƙanena, yi su duka, babu kunya. Wanda ya taso daga Sakkwato da asuba ya sha gargadar hanyar Gusau da Funtuwa yana da haƙƙin sanin abin da zai shiga cikinsa. Sai dai ka ƙara ta huɗu: da wane labari zan je?

Kada ka je hannu rabbana. Idan famfunan ɗakunan kwananku sun yi wata da watanni ba ɗigon ruwa alhali an kafa allon kwangilar gyara a ƙofa, to ka samu labari. Rubuta shi a shafi ɗaya, ka buga kwafi uku, ka sa a jaka. Edita yana gaisawa da ɗalibai ɗari a irin wannan rana, kuma kafin la'asar fuskokinku sun gauraye masa. Rubutu ne ke tsaya masa a rai. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Littafinsa Ruwan Bagaja ne ya gabatar da shi ga Rupert East, mai shirya gasar, kuma a 1939 shi ne editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Bayan labari, sai ekstenshan. Na wuta nake nufi, mai baki huɗu ko shida. A ɗakin da ya ɗauki mutum ɗari uku, soket mai aiki bai fi biyu ba, ɗayan kuma mai lasifika ya kama shi. Ka jona naka, ka zauna kusa da shi. Kafin a buɗe taro da addu'a ka zama mai unguwa: wakilin gidan rediyo yana yi maka sallama, malamar da za ta gabatar da ƙasida tana tambayar sunanka, kowa yana barin wayarsa a hannunka amana.

Katin gayyata zai ce ƙarfe tara. Uban taro zai iso sha ɗaya, da jiniya. Kai dai ka je tara ɗin. Masu ba da horo da suka kwana a garin sukan riga kowa zuwa, su zauna su kaɗai suna duba kwamfuta, kuma waɗannan sa'o'i biyu sun fi duk abin da ke cikin ajanda albarka. Kada kuma ka ƙule a kujerun baya tare da 'yan ajinku. Su kam kana da su har ranar yaye ku. Nemi baƙuwar fuska. Ga 'yan Ɗanfodiyo, waɗanda suka yi suna a aikin jarida na harabar makaranta, ga 'yan Zariya da Maiduguri, wani lokacin har da ɗaliban aikin jarida daga Yamai, waɗanda za su ba ka labarin yadda Studio Kalangou ke haɗa shirye-shiryensa na rediyo.

Idan aka fara lacca, za ka ga wayoyi sun tashi sama ana ɗaukar hoton duk abin da majigi ya haska. Hotunan nan ba mai sake buɗe su sai ranar da waya ta ce ta cika. Fito da biro. In mai jawabi ya zo kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, rubuta har da waƙafi: tana ba ka damar neman takardu daga hukumar gwamnati a rubuce, hukumar kuma tana da kwana 7 ta amsa, kuma jami'ar tarayya ma hukuma ce. Allon kwangilar famfon nan ya samu maganinsa ke nan. In 'yan Dubawa ne suka zo koyar da tantance labari, sa su nuna maka a wayarka yadda ake gano asalin hoto, ka gwada da hoton da kawunka ya turo zauren iyali jiya.

Sai lokacin tambayoyi, inda ake gane ɗan halak. Za a samu wani ya miƙe, ya gyara hula, ya busa makirfo sau biyu, ya gaishe da uban taro, da shugaban tsangaya, da matar shugaban tsangaya da ba ta zo ba. Ya faɗi sunansa da muƙamansa huɗu a ƙungiyoyin ɗalibai. Sannan ya ce, “Tambayoyina guda uku ne, amma kafin nan ina da ɗan tsokaci.” Tsokacin zai kai kiran sallar azahar, mai gabatarwa yana ta miƙo hannu, shi kuma yana ja da baya da makirfo. Allah ya shirye shi, kai kada ka bi sahunsa. Sunanka, makarantarka, tambaya ɗaya: “Malam, idan hukumar makaranta ta ƙi magana a kan labarina, kwana nawa zan jira kafin in buga?” Ka zauna. Mai jawabi zai neme ka da ido bayan an tashi.

A layin abinci ake ƙulla zumunci, amma da ladabi. Kada ka tare edita yana tsaka da fama da cinyar kaza. Bari ya wanke hannu, ka rusuna ka ce, “Ranka ya daɗe, ga wani ɗan labari da nake bi, ko za ka duba min idan ka samu sarari?” Ka miƙa shafin nan. Idan ya ba ka lamba, riƙe ta da mutunci. Ban da “Slm” tsakar dare, ban da furen barka da Juma'a duk mako har shekara ta zagayo. Saƙo ɗaya ya isa, cikin kwana biyu: ni ne ɗalibin da ya ba ka labarin ruwa, ga abin da na ƙara samu, ga takardar da na aika wa hukuma. Hoto da manya ba laifi, ɗauki abinka, ka tura wa Inna ta sa albarka.

Ke kuma ƙanwata, duk wannan naki ne, da ƙari ɗaya da ba wasa a ciki. Maganar aiki a bainar jama'a ake yin ta. Duk wanda ya ce ki same shi a masaukinsa da dare ku duba rubutunki, ki ce masa akwai imel, ki kuma sanar da malamarki ko masu shirya taron. Editocin kirki suna da yawa, mata da maza, kuma ba sa gayyatar ɗaliba ɗaki.

Abin da ya fi ba ni takaici a irin waɗannan taruka shi ne yadda ɗalibai ke tsallake junansu suna rububin manya. Yarinyar nan da ta ara maka biro, nan da 'yan shekaru tana iya zama ita ke tace labarai a Aminiya ko Freedom Rediyo, ko muryarta kake ji a BBC Hausa. Yaron da kuka raba ruwan leda shi zai ɗaga waya ranar da kake neman wanda zai tabbatar maka da wani abu da ya faru a Damaturu. Karɓi lambobinsu, ka rubuta garinsu kusa da suna. Za a buɗe zauren WhatsApp, zai yi mako ɗaya yana tafasa, daga nan sai tallar turare da atamfa. Kafin ya kai haka, ware mutum uku ku riƙa karanta wa juna rubutu kuna faɗa wa juna gaskiya.

Kuɗin mota da masu taro suka sanar tun farko, ka sa hannu ka karɓa. Amma idan wani babban baƙo ya sa yaronsa ya bi ku da ambulan yana cewa a rubuta shi da kyau, wannan wani abu ne daban, kuma tun kana ɗalibi ake koyon cewa “Na gode, Yallaɓai, a bar shi.”

A motar komawa, kafin barci ya ɗauke ka, rubuta rahoton taron da kansa: wa ya ce me, me aka yanke, me aka kauce wa. Duba sunan kowane mai jawabi a takardar ajanda harafi bayan harafi, domin farfesa yana iya yafe maka komai ban da a mai da shi dakta. Ka tura wa jaridar makarantarku ko shirin Campus Reporter na cibiyar CJID kafin ku tsaya sallar magariba.