Alhaji Na Son Mai Ninki Goma

Mu dai kaya in lambarsa ba ta yi girma ba, ba kaya ba ne. Waya sai mai kyamara huɗu, janareto sai wanda zai hana unguwa barci. Yanzu kuma ciwon ya kai ga na'urar hangen taurari, tun da masu hannu da shuni suka gano ana iya kafa ta a saman bene ran 29 ga Sha'aban, a yi hoto a gefenta a watsa a Facebook, tun kafin fadar Sarkin Musulmi ta ce uffan.

Rigimar takan fara ne ranar da Alhaji ya ji labarin wani ɗan gilashi mai suna Barlow, wanda ya ci sunan Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rasu a 1862. Ana zura shi ne tsakanin na'urar da gilashin da ake kafa ido, sai ya ninka girman abin da ake kallo. Akwai mai ninki 2, akwai mai 3, akwai mai 5.

"Yaro, babu mai goma?"

"Ranka ya daɗe, mai ukun nan ma har tutar da Amurkawa suka kafa a wata za ka gani tana kaɗawa."

Ba iska a wata, amma dai an biya kuɗi.

Abin da mai shago bai faɗa ba shi ne kowace na'ura da iyakarta. Ka ninka faɗin bakinta sau biyu a milimita, nan ƙarfinta ya tsaya. Ta Alhaji mai 70 ce, wato 140. Shi kuwa ya ɗora Barlow mai ninki 3 a kan gilashin ido mai milimita 4, lissafi ya kai 525, lambar da aka rangaɗa a jikin kwali. Da ya leƙa, sai wani abu fari dishi-dishi kamar kunu a ƙwarya. Direba ya yi tari, hoto ya yi rawa. Kafin a kira Hajiya ta zo ta gani, duniya ta juya, watan ya fice daga gilashi. Ga hazo. Sai a kama yara da faɗa, wai su suka taɓa.

A lokacin nan ladanin unguwa, da idonsa na Allah da annabi, ya riga ya ga jinjirin wata ya koma alwala. Shi jinjiri ninki kaɗan yake so da fili mai faɗi. Masanin taurari Galileo ma da ninki kusan 20 ya hango watanni huɗu na duniyar Mushtari a 1610.

Alhaji, ka sayi mai ninki 2, ka haɗa da gilashin ido mai milimita 25, ka ƙara kuɗi a ƙafafun da ba sa rawa. Kuma don Allah a ja wa yara kunne kada su saita ta ga rana, nan take take ƙona ido.