Garken Kawu da Lissafin Jami'a

Ina aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Gusau aka koya mana yadda ake gano ƙololuwar abu a kalkulas. Malam ya ce mu ɗauka muna hawan Dutsen Kwatarkwashi: inda hawa ya ƙare, gangara ba ta fara ba, nan saurin canji ke zama sifili. Wani Bafaranshe, Fermat, ya fito da dabarar tun shekarun 1630. Kaina ya kumbura.

Da na je hutu Bungudu, na tarar Kawu ya sayo ragar waya mita 40 zai yi wa awakinsa garke a jikin katanga.

"Kawu, a bar mini. Wannan aikin 'yan boko ne."

Na zaro biro. In faɗi ya zama x, tsawo zai zama 40 ban da x biyu, tunda katanga ta ɗauke gefe guda. Na ninka, na nemo inda canji ke zama sifili: faɗi mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Kawu da ya yi niyyar 12 sau 14 ya ce, "To, Allah shi yi albarka."

Sai dai akwai darasi na biyu, wanda ake cewa a duba iyakar abin da ake aunawa kafin a yi murna. Ranar da aka yi shi ina Tsafe wajen ɗaurin auren abokina, ina fama da shinkafa da miyar kaji.

Katangar Kawu ta laka mita 12 ce kacal. Sauran takwas ɗin dangar kara ce. A takarda dai layi layi ne. A wajen akuya kuwa, danga kalaci ce.

Da muka kafa garken, kafin asuba awakin sun cinye iyakar lissafina, sun faɗa gonar waken maƙwabci. Muka kwashi rana a ƙofar mai unguwa, aka yanke wa Kawu tiya goma sha biyu.

A hanyar gida ban ce uffan ba. Kawu ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Shi wannan Bafaranshen naku, awaki nawa gare shi?"

Har yau in na shiga gidan, Inna kan ɗaga murya ta ce a ɗaure awaki, injiniya ya iso.