Jinjina ga Tagwayen Landan da Maroƙansu

A gaishe da masu shirya fina-finan Birtaniya, gwanayen wanke jini da ruwan turare, waɗanda suka gano cewa ɗan daba in ya sa kwat ya ɗaura laktaye ya zama dattijon arziki. Allah ya ja zamanin waɗanda suka ɗauki Ronnie da Reggie Kray, Hasan da Husainin Gabashin Landan, suka naɗa musu rawanin da kotu ta manta ba ta naɗa musu ba a 1969, ranar da ta ɗaure su rai da rai.

Ina wani jarumi kamar Ronnie, zakin mashaya, ƙanin Reggie, wanda ya shiga gidan giyar Blind Beggar a 1966 ya harbe George Cornell a ka yana zaune da kofinsa? Ina kamar Reggie, mai wuƙa ba ta kwana a kube, wanda ya caccaka wa Jack McVitie ita a 1967? Kuma mutanen unguwa sun shaida cewa yaran nan suna son mahaifiyarsu Violet. To me ya rage? Wanda ke shan shayi da uwarsa ai ya gama biyan diyya. Shi ya sa da Ronnie ya mutu a 1995, baƙaƙen dawakai suka ja gawarsa, dubban jama'a suka cika titi kamar ana rakiyar sarki.

Fim ɗaya ya yi wa irin waɗannan bayin Allah kaɗan. An yi The Krays a 1990, aka zo aka yi Legend a 2015, inda Tom Hardy ya fito a matsayin tagwayen duka biyu. Nan ne hikimar ta kai maƙura. Frances, matar Reggie, wadda ta mutu a 1967 tana da shekara 23 bayan ta sha ƙwayoyi fiye da kima, ita aka ba aikin ba da labarin mijin nata, daga kabari. Wace karramawa ce ta fi wannan, a tashi mace daga makwancinta don ta ƙawata tarihin mutumin da zaman gidansa ya gagare ta?

Su ma dillalan ƙwaya uku da aka harbe cikin Range Rover a Rettendon a 1995 ba a bar su a baya ba: an yi fim ɗin Essex Boys, sai Rise of the Footsoldier da 'ya'yansa da jikokinsa. Gawa uku, abincin shekara da shekaru. Albarka ke nan.

Amma kambun gaskiya da riƙon amana na masu tallar Legend ne. Jaridar Guardian ta ba fim ɗin tauraro biyu kacal. Wani mai ƙaramar zuciya da sai ya ɓoye. Su kuwa, 'yan halak, suka buga taurarin nan biyu a tsakiyar fostar, daidai tsakanin kawunan tagwayen, cikin jerin masu huɗu da biyar, yadda mai kallo zai ɗauka sauran taurarin sun ɓuya ne a bayan kunnuwan Tom Hardy. Ba su ƙara ko ɗaya ba, ba su rage ba. Har sunan jaridar suka sa a ƙasa.

Gawar McVitie dai har yau ba a gan ta ba, kuma da ma fostar ta cika, babu inda za a sa shi.