Kushin Ɗin Da Ake Shimfiɗa Wa Magana

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan ɗaki a Bauchi ya san matsayin laushi a wajenmu. Uban amarya zai sayar da gona ya sayi saitin kushin, a jera a falo, a bar su cikin ledarsu shekara guda kada su yi datti, baƙi kuma su zauna kan kafet suna yaba kyansu. Katifa da inci ake auna ta, kuma da incin ake auna mutuncin gidan. Filo sai an jibga shida a gadon da kai biyu kacal za su kwanta. Wannan ɗabi'a ta bi mu har cikin baki, domin mun gano cewa Turanci ma kushin ne. Idan magana ta yi tauri, sai a nemo mata kalmar Bature mai taushi a ɗora ta a kai, kowa ya zauna bai ji ƙashi ba.

Ɗauki kalmar "padding". Asalinta kayan aikin mai ɗinkin kujera ne da tela, wato auduga ko soson da ake cusa wa kujera ko kafaɗar kwat don ta yi tudu. A 2016 sai ga ta a Majalisar Wakilai, lokacin da Abdulmumin Jibrin, tsohon shugaban kwamitin kasafi, ya zargi shugaban majalisar, Yakubu Dogara ɗan jihar Bauchi, da wasu jagorori da yi wa kasafin shekarar ƙari. Dogara ya musanta, majalisa ta dakatar da Jibrin na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2024 kuma Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya ce akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da bai ga ayyukan da aka ware su dominsu ba. Majalisar Dattawa ta ƙaryata shi, ta yanke masa dakatarwar wata uku. Wa ke da gaskiya, wannan shari'ar wasu ce. Abin da ya shafe mu shi ne kunne. A jaridun Turanci zancen ya fito kamar ana gyaran kujerun majalisa ne, a gidajen rediyon Hausa kuwa aka ce "cushe". Ita wannan kalma ba ta da kara, da hannun mai cusawa take tafe. Da ka ji ta sai ka tambaya wa ya cusa, me ya cusa, kuma ta wane aljihu zai ɓullo.

Haka aka yi bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu. Nan da nan manya suka fara alƙawarin matakan da za su zama kushin ga wahalar, aka kuma haifo mana faliyatif. A bakin likitoci wannan kalma tana nufin kulawar da ke rage zafin ciwo ba tare da ta warkar da shi ba, don haka dai ba a yi mana ƙarya ba, an dai faɗi gaskiyar da harshen da mai ciwon ba ya ji. A watan Agustan 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha. Kafin abin ya iso hannun magidanci ya koma mudun shinkafa da dogon layi a rana. Da an kira shi lallashi, da mutane sun tambayi laifin da aka yi musu. Mu talakawa ma mun koyi darasin. Mai neman bashin da ba ya da niyyar biya yanzu "sof lon" yake nema, matashin da ke barci har azahar kuma "sof layif" yake yi, alhali kakarsa da lalaci ta san abin.

Wani zai ce ai Bahaushe ma gwanin sakaya ne. Ba ya cewa mutum ya mutu, sai ya riga mu gidan gaskiya, kuma toshiyar baki ma "na goro" yake kiranta. Haka ne, amma sakayar Hausa mayafi ce da mai faɗa da mai saurare duk suka san abin da ke ƙarƙashinta. Tsohuwa a unguwar Jahun ko Kobi ta san babu goron da ake ci da naira dubu hamsin. Amfanin taushin Turanci kuwa duk yana ga rashin fahimtarta. Sakaya tana tsare mutuncin wanda ake yi wa magana, taushin Turanci kuwa mai maganar yake tsarewa daga tambaya. Wani kuma zai ce aron kalma ba laifi ba ne, tunda katifa ma daga Larabci muka samo ta. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai cewa a kori filo a dawo da matashin kai dole. Sai dai katifa tana cika alƙawari, ka kwanta ka ji laushi. Faliyatif fa, wa ya taɓa kwanciya a kansa ya yi barci?

Shawarata mai araha ce. Duk jami'in da ya ƙirƙiro kalma mai laushi, kafin ya kai ta gaban 'yan jarida, a kai shi Kasuwar Muda Lawal ya tsaya tsakanin 'yan dako da masu Keke Napep ya fassara musu ita da Hausa tsantsa. Idan ya gama suka ce Allah ya saka da alheri, kalmar ta ci jarrabawa. Idan kuwa suka ce Allah ya isa, to a mayar wa mai ɗinkin kujera kayansa.