Wai Yaushe Za Su Fara?

Kunnena na hagu har yanzu tsuwwa yake yi. Abokin aikina Bajamushe ne mura ta kayar, ya miƙo mini tikitinsa na wani wasa a nan Berlin, ni kuwa kwaɗayi mabuɗin wahala, na karɓe ban tambayi komai ba. Sai a jirgin ƙasa na duba waya na ga sunan masu wasan: Sunn O))). Stephen O'Malley da Greg Anderson ne suka kafa ƙungiyar a Seattle ta Amurka a 1998, kuma sunan wani amfilifaya suka ara suka raɗa wa kansu. Mai hankali daga nan zai sauka ya koma gida.

A bakin ƙofa aka ba ni ɗan soso guda biyu na toshe kunne. Ciki kuwa an saki hayaƙi har ba ka ganin tafin hannunka sosai. Can kan dandamali an gina katanga guda da lasifiku, sai ga wasu inuwoyi cikin baƙaƙen alkyabbu, kai a lulluɓe. Ɗaya ya ɗaga hannu sama a hankali, a hankali, ya sauke shi kan jita.

Ƙafar wandona ce ta fara ji. Sai makullan aljihu, sai haƙora, sai shinkafa da waken da na ci bayan magariba suka tashi tsaye a cikina suna neman ba'asi. Dabarar mutanen nan ita ce su sassauta tsirkiyar jita sautinta ya yi ƙasa ƙwarai, su kaɗa sau ɗaya, lasifika ta maido wa jitar kukanta, jitar ta sake tura mata, abin ya yi ta zagaye yana kumbura. Ba ganga, ba amshi, ba wurin da ƙafa za ta kama ta taka. Masana sun ce daga desibel 85 doguwar ƙara ke fara cin ji, wajen 120 kuma kunne ke fara ciwo. Nawa ya yi ciwo da soson a ciki.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai farin gemu har ƙirji, ido rufe, yana murmushi. Da ya buɗe ido ya gan ni dafe da ciki, ya sunkuyo ya kwarara mini ihu a kunne da Turanci: "Samari, ba a cin abinci mai nauyi kafin a zo!" Na gode, Baba. An jima ya sake taɓa ni: "Saki gwiwoyinka! Buɗe baki kaɗan, sautin ya samu hanyar fita!" Na buɗe baki, hayaƙi ya samu hanyar shiga. Ina tari, shi yana ɗaga mini babban yatsa.

Ni duk a zatona share fage ake yi. Lokacin da suka kwashe a kan kaɗawa uku, da marigayi Shata ne ya gama Bakandamiya, ya wasa mai gida, ya karɓi kujerar Makka. Na yi haƙuri, na ƙara haƙuri, fiye da awa ɗaya ina jiran a shigo da mai ganga. Daga ƙarshe na kama kafaɗar dattijon, na cika huhu, na tattaro duk muryar da Allah Ya ba ni, don a cikin wannan rugugi ko kanka ba ka ji.

A daidai nan suka kashe na'urorin.

"WAI YAUSHE ZA SU FARA WAƘAR?"

Da Turanci na faɗa, jama'a. Da Hausa ce ta fito, da an ɗauka wani kirari ne na yabo. Kuma abin da ya hana ni barci shi ne, kalmar farko kaɗai ƙarar ta rufe. Na ji shirun ya sauka. Ina da damar tsayawa a kalma ta biyu. Kwanyata ta taka birki, baki ya ce ai ya riga ya ɗauki gangara. Na ji muryata ta tafi ita kaɗai, ta haye kawunan ɗaruruwan mutane, ta bugi bangon baya, ta dawo mini da "waƙar" ɗin a karo na biyu, don waɗanda ba su ji da kyau ba.

Ashe wasan ne ya ƙare. Wannan ɗan shirun, kafin tafi, shi mutane suka biya kuɗi su kai gare shi. Wata mata a gabana ta waiwayo, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta, ta dube ni daga hula har takalmi. Wani dogo mai zane a wuya ya zare soso ɗaya daga kunnensa, ya tsaya ko akwai ƙari. Hannuna kuwa yana nan kan kafaɗar Baba, na kasa janye shi, bakina a buɗe yadda ya umarta. Hayaƙin da na yi ta tsine wa shi ya rufa mini asiri daga masu alkyabba. Sai da wani daga can gefe ya tuntsire da dariya sannan tafi ya ɓarke.

Baba ko a jikinsa. Ya bi ni har wurin karɓar riguna, yana magana da ƙarfi don shi ma kunnensa ya tafi hutu. Wai laifin wurin tsayuwata ne, na yi nisa da lasifika. Wai in nemi faifansu na 2009, Monoliths & Dimensions, ya fi sauƙin shiga, akwai masu busa da mata 'yan amshi a ciki. In kashe fitila, in kwanta a ƙasa, in ɗora lasifikar a kan cibiyata.

Na ce, "Baba, ɗakin haya nake, ina da maƙwabta."

Ya ce, "Madalla, ka gayyato su."