Kwamitin Kai Mutum Rigasa

Duk mutumin Ketare da ke son shiga Abuja ta jirgin ƙasa, sai ya fara ƙoshi da mota. Wata ta kai shi Funtuwa, wata ta bi da shi ta Giwa da Shika zuwa Zariya, wata ta sauke shi a Kawo, sannan a-daidaita-sahu ta kutsa da shi cunkoson Rigasa. Sai a nan zai yi ido biyu da jirgin da Buhari ya ƙaddamar a Yulin 2016, ya miƙe ƙafa a tarago mai sanyi har Idu, tafiyar kilomita 186. Zaman jirgin hutu ne. Kaiwa gare shi ne aiki, kuma ba a barin matafiyi ya yi aikin nan shi kaɗai. Da ya furta a majalisa cewa jibi zai yi Abuja, to an kafa kwamiti.

Shugaban kwamitin kullum mai biro ne, yawanci malamin makaranta. Zai jawo takarda ya tsara maka tafiya minti-minti: ka bar gida bayan asuba, ƙarfe kaza kana Funtuwa, ƙarfe kaza kana Kwangila, har ya ware maka minti goma na shayi. Lissafinsa ba ya kuskure, illa dai motar da ke cikin takardarsa ba ta san ɗan kamasho ba. Bai sa awa guda da za ka yi kana jin "saura mutum ɗaya" ba, alhali biyu daga cikin waɗanda ke zaune a motar 'yan tasha ne da za su sauka da zarar ka biya. Bai sa shingayen hanya ba, balle direban da zai tsaya a Giwa ya ce minti biyu zai ba wani saƙo, a neme shi a same shi gaban mai tsire. In ka dawo ka ce jirgin ya tafi ya bar ka, sai ya sake duba takardar ya girgiza kai, ya ce, "Ai Malam, kai ne ba ka bi tsari ba." Rabonsa da wuce Malumfashi kuwa tun wani taron bita.

Kusa da shi akwai dattijo mai tarihi. Shi bai ga dalilin zuwa Rigasa ba, tunda ga tasha a Funtuwa. Zai tuna maka cewa dogo ya isa Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda da ya ratsa Funtuwa kuma an kammala shi a 1929, yana kwasar auduga da gyaɗa. Duk gaskiya ne. Ka ce, "Baba, ranka ya daɗe, yaushe rabonka da ganin jirgi a kan dogon nan?" Sai ya koma ba ka labarin ƙosan da ake sayarwa ta taga.

Sai ɗan waya. Tun da aka fara sayar da tikitin jirgin ta intanet a farkon 2021 ya zama hukuma. Zai karɓi lambar katinka na ɗan ƙasa da kuɗinka, ya ce, "Yaya, ka ɗauka ka shiga jirgi." Daga nan zai yi ta zagaya gari da waya a sama yana farautar sabis, ya hau tudu, ya hau katanga, kuɗi su fita, tikiti bai fito ba. Ya ce za su dawo, a dai yi haƙuri. Lokacin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi a Satumban 2021, sarautarsa ta faɗi warwas, ya koma gaida mutane da ladabi. Da sabis ya dawo, girman kan ma ya dawo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji mai shata. Shi ya rantse ba zai zauna mutum huɗu a bayan Golf ba, don haka zai ɗauki shatar mota tun daga ƙofar gida har bakin tashar Rigasa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin shata ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya, amma ya biya, don ya sayi natsuwa. Kuskurensa ɗaya: ya bari labari ya shiga cikin gida. Kafin gari ya waye, ga gwaggo za ta duba jika a Samaru, ga ɗan maƙwabci zai koma makaranta, ga mai ganin likita a Shika, ga buhun masara biyu na surukai a Tudun Wada, ga kaji an ɗaure musu ƙafa. Wa zai ce a'a? Direban ma ya taho da ƙanensa, wai zai taya shi hira a dawowa. Haka Alhaji zai bar Ketare a matse a kujerar gaba, jaka a cinya, gwiwa tana gogar giya, kamar buhun da aka cusa a ƙarshen lodi, ya kuma tsaya sau shida a motar da ya biya don kada ta tsaya. A Rigasa zai tarar ana share dandamali.

Akwai kuma wanda aka taɓa turawa kwas Faransa. Kowace magana sai ta kai shi can. Wai daga Faris zuwa Bodo awa biyu da 'yan mintoci ce a jirgi mai gudun tsiya, kana sauka ka nuna lasisi a ba ka makullin motar haya, ka tuƙa kanka cikin gonakin inabi. Majalisa ba ta damu da gudun jirgin ba. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne a ba baƙo mota ba direba, ba wanda ya san gidan ubansa, kuma ya dawo da ita. Da aka tambaye shi me ake yi da inabin, ya ɗan yi tari ya ce yawanci matse shi suke yi. Liman ya kalle shi. Daga ranar ya koma cewa ai ko Hunƙuyi ana noman inabi.

Mai labarin tsoro ba a yi masa dariya sosai, domin yana da hujja. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 ya faru, jirgin ya tsaya har Disamba, hanyoyinmu kuma kowa ya san ba a bin su da dare. Matsalarsa ita ce jirgi bai yi masa ba, mota ba ta yi masa ba, zama a gida ma ya ce ba tabbas. Maƙwabcinsa ya fi shi kwanciyar hankali: ya ɗage duk tafiye-tafiyensa sai an gama dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. An gaya masa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ko ƙurar Ƙanƙara ba zai gani ba. Ya ce ai ana iya yin kwana.

Inna ba ta cikin kwamiti, amma ita ke da hukuncin ƙarshe: dambun nama, ƙullin fura, addu'a, da umarnin ka kira ta a kowane gari.

Na ƙarshensu ba ya cewa uffan a majalisa. Yana zaune yana jin komai, yana gyaɗa kai. Sai ka sha motoci huɗu, ka yi gudu da jaka a Rigasa, ka faɗa kujera kana haki, jirgi ya wuce Rijana, sannan wayarka ta yi ƙara. "Kawu, ashe yau ne tafiyar? Ai da ka faɗa mini. Yanzun nan motar ofishinmu ta tashi zuwa Abuja, ba kowa a ciki sai direba."